Kifi ya taso a gurbi bayan ruwan farko: guba ce ko ƙarancin iska?

Ɗan Kabi, Argungu

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san ruwa. Akwai wani gurbi mai zurfi a gulbi, ƙasa da Argungu kaɗan, inda masu fatsa ke zuwa da yamma da ranakun hutu neman giwan ruwa. Tun da bazara ta tsaya gulbin ya janye, gurbin ya kusa yankewa daga sauran ruwa. Shekaranjiya da dare aka yi ruwan farko mai ƙarfi haɗe da iska, jiya gari ya wuni a lumshe, yau da asuba sai ga kifi a sama.

Waɗanda suka mutu manya ne: giwan ruwa, ragon ruwa da tsage, duk baki a buɗe. Karfasa ta taru a saman ruwa tana haɗiyar iska. Tarwada kuwa lafiyarta ƙalau. Ruwan ya yi duhu, yana wari. Wasu sun ce maganin ƙwari na Gamalin aka zuba, wasu sun ce maganin feshin masu shinkafa ne, har an fara nuna wa juna yatsa.

Ta yaya ake bambance mutuwar guba da wadda ba ta guba ba? Ana iya cin kifin? Kuma sai yaushe masu fatsa za su sake ganin babbar giwa a wurin?

Malam Mai Awon Ruwa, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a kama sunan kowa a duba abu uku: irin kifin da ya mutu, girmansa, da lokacin da ya mutu. Yadda ka bayyana, alamun sun fi nuna ƙarancin iskar oksijin.

Kifi da iskar da ta narke cikin ruwa yake numfashi, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe ta da yawa. Lita ɗaya a zafin digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9, in zafin ya kai digiri 30 sai ta koma wajen 7.5. Ga shi a lokacin zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Yawancin kifaye suna fara wahala in ta sauka ƙasa da miligiram 5, in ta yi ƙasa da 2 ta daɗe a haka kuma sai mutuwa.

Gurbin da ya yi watanni ba ya gudu yakan kasu hawa biyu. Na sama yana da ɗumi da iska, saboda rana da gansakuka. Na ƙasa ya fi sanyi, amma ruɓaɓɓen ganye da laka sun cinye iskarsa tun tuni. Muddin ba a motsa su ba, kifi na zaune a hawan sama lafiya. Ruwan farko shi ke ɓata wannan zaman, kuma ta hanya uku a dare guda. Sanyin ruwan sama da guguwa suna juya gurbin, na ƙasa ya hau ya gauraye da na sama. Wannan warin ɓaragurbi da duhun da ka gani daga ƙasan suka fito. Sannan kwararar farko tana kwaso kashin shanu, tattakar shinkafa, toka da sharar da ta taru tun kaka ta zuba a ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da su kuma da iskar ruwan suke aiki. Na uku, hadari da laka sun hana rana shiga, gansakuka ba ta samar da komai ba jiya.

Batun asuba ma yana da dalili. Gansakuka da rana take ba ruwa iska, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi kamar kifi. Don haka awon iska yakan kai ƙololuwa da la'asar, ya faɗi ƙasa warwas gab da fitowar rana.

Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan zato shi ne jerin waɗanda suka mutu. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne masu son ruwa mai iska sosai, babban kifi kuma ya fi ƙarami buƙata, shi ya sa manyan ke fara tafiya. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kunnuwanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa huhu gare ta. Yauni da bargi su ma suna tasowa su shaƙa. In waɗannan suna yawonsu alhali giwa na kwance, ruwan ne ya rasa iska. Haka ta faru a tafkin Biktoriya a farkon 2021: giwan ruwa ta yi ta tasowa a gaɓar Uganda, mutane suka ce guba, hukuma ta gwada ta ce ƙarancin iska ne.

Guba ba ta zaɓe haka. Ƙanana take fara kashewa, ba ruwanta da asuba ko azahar, kuma tana haɗawa da tarwada, 'ya'yan kwaɗi, ƙaguwa da ƙwarin ruwa. Cuta kuma yawanci iri ɗaya take kamawa, a riƙa ganin biyar yau, goma gobe, har tsawon makonni, da gyambo ko jini-jini a jiki. A sauka bakin ruwan a duba ƙananan halittu, su za su raba gardamar.

Baba Basarke, Yauri

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah shi ƙara sani. Amma kada a yi saurin wanke kowa, ruwa ba ya tsami banza. A bi gaɓa da ƙafa zuwa sama, a ga inda mutuwar ta faro. In guba anka zuba, akwai iyaka: sama da wurin kifi na wasa, ƙasa da shi babu mai motsi. Sau da yawa kwalbar na nan yashe cikin ciyawa. Kifin da guba ta kama ba ya tsayawa shiru yana haɗiyar iska. Juyi yake yi, ya yi tsalle, ya hau gaɓa, jiki na makyarkyata, kuma cikin ɗan lokaci abin ke faruwa.

Gubar ma iri-iri ce. Magimfa, wadda anka saba dakawa a zuba a kududdufi, tana hana kifi numfashi, amma rana da zafi na kashe ƙarfinta cikin 'yan kwanaki. Gamalin 20 ba haka take ba. Sinadarin lindan da ke cikinta yana daɗewa a laka, yana maƙalewa a kitsen kifi, yana taɓa jijiyoyin wanda ya ci, tun daga amai da jiri har farfaɗiya. A 2009 duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da anka hana amfani da su a gona. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 kuma ta haramta kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Wanda ya ga alama ya kai magana ga Sarkin Ruwa da jami'in kifi, kada matasa su ɗauki hukunci da hannunsu.

Zancen ci kuwa, ɗana, ga abin da nike gani. A mazhabarmu ta Malikiyya mushen ruwa halal ne, ba a musu. Sai dai halacci daban, lafiyar ciki daban. Kifin da ba a san abin da ya kashe shi ba, kada a ci, kada a sai da, kada a ba kaji ko karnuka. Banda ba ta fid da lindan, suya ma haka. In an tabbata iska ce ta ƙare, wanda anka kama da sauran ransa ana iya ci. A ɗaga kunnen a duba: in ja ne, ido garau, nama ya dawo in an danna, to da sauransa. Wanda ya kumbura, kunne ya yi toka-toka, ya tafi. Cikin wanga zafi 'yan sa'o'i sun isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro masu saye ne da ke zuwa da buhuna ranar irin wagga, su kai wa masu banda, bayan kwana uku kifin yana wata kasuwa inda ba wanda ya san labarinsa.

Manomin Fadama, Suru

Baba, Allah ya ja kwana. Bari in sa baki ta ɓangaren manoma, don kullum mu ake fara kira. A wannan lokaci yawancin shinkafar rani an yanke ta ko ana yankewa, feshin ƙwari ya yi sauƙi. Amma ba zan ce hannunmu a wanke yake ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya ƙaru ƙwarai, injinan ban ruwa sun yi yawa a gaɓa. Kowane inji rage zurfin gurbi yake yi, ruwa kaɗan kuwa ya fi saurin ɗumi da saurin rasa iska.

Inda ɓarna ta fi fitowa shi ne wajen wanke famfon feshi. Maganin ƙwari irin su saifametirin, mililita ɗaya ta mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 tana ɗauke da miligiram 100 na guba. A ruwan da ba ya gudu, wannan ta isa ta kashe ƙananan kifaye a lita 10,000, wato durom hamsin. Ragowar da ke gindin famfo ta fi haka nesa. Yadda ya kamata: a ɗebo ruwa da bokiti, a haɗa magani aƙalla taku talatin daga gaɓa, a ɗauraye famfo sau uku a fesa ɗaurayen a gona, a huda kwalbar da ta ƙare don kada a mai da ita ta ruwan sha. Ba a feshi in hadari ya haɗu. Bayan feshi ko zuba taki a toshe kunyoyi, ruwan ya kwana biyu zuwa uku a fage kafin a sake shi.

Takin yuriya a raba shi kashi biyu ko uku maimakon a watsa gaba ɗaya. Abin da shinkafa ba ta sha ba gulbi yake tafiya ya ciyar da gansakuka, ruwa ya yi kore shar, sannan a samu irin asubar da Malam ya kwatanta. Tattaka kuma kada a tara ta a bakin gaɓa, a janye ta sama inda kwarara ba ta kaiwa. A ɗaura raga a bakin tiyon da ke zuƙo ruwa, don yana haɗiye 'ya'yan kifi ba kaɗan ba.

Bazamfare, Gummi

A ƙara da maganar madatsai. Dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978 yana kan gulbin Sakkwato, na Goronyo da aka gama a 1984 yana kan Rima, kuma ruwan su biyun ne ke wucewa ta Argungu. Tun da aka datse su, ambaliyar da ke mamaye fadama ta rage tsawo da faɗi a shekarun da ba a yi ruwa sosai ba, alhali a cikin ciyawar da ruwa ya rufe ne yawancin kifi ke ƙwai, 'ya'yan su yi girma. Gurbin da ya yanke da wuri shi ke fara lalacewa. Masunta su nemi a riƙa sanar da su jadawalin sakin ruwa daga hukumar kogunan Sakkwato da Rima, don ko ɗan gudu kaɗan a watan Afrilu da Mayu yana hana gurbi kasuwa hawa biyu.

Za a ce haƙar zinariya. A fahimta, gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 ta ƙurar niƙan dutse ta shiga jikinsu, ba ta kifi ba. Dalma da zaiba ba sa tayar da kifi a dare guda. Zaiba taruwa take yi sannu a hankali: ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi, ta ƙare a jikin irin su giwa, kuma tsohuwar giwa ta fi kowa tarawa. Don haka mai ciki da yara ƙanana su rage cin manyan mafarauta daga ruwan da ake wankin zinariya. Wanda ke kashewa nan take shi ne sayanayid, gubar da ake tace zinariya da ita. Amma gulbin Zamfara da na Ka can ƙasa da Birnin Kebbi suke haɗuwa da babban gulbi, saboda haka wannan ya fi shafar Jega da Bunza zuwa ƙasa, ba gurbin da ake magana ba.

Mai Fatsa, Jega

Tambaya ta uku ita ta fi damuna, kuma amsarta ba daɗi. Karfasa tana haihuwa tun tana 'yar watanni, damina ɗaya ta isa ta cike gurbi. Giwa sai ta kai wajen shekara uku kafin ta fara, tana iya rayuwa har shekara goma sha shida, kuma manya-manyan kusan duk mata ne masu ƙwai miliyoyi. Wato waɗanda suka taso da asubar nan su ne iyayen. Irin giwar da ta ci gasar Argungu ta 2020, mai kilo 78, ba a yin ta a damina biyu ko uku.

In ambaliyar Agusta da Satumba ta haɗa gurbin da babban gulbi, wasu za su shigo daga wani wuri, za a fara samun ƙanana da matsakaita. Manyan kuwa sai an yi haƙurin shekaru, in ba a sake samun irin wannan ba. Kada wanda ya ga koto ya yi yawa badi ya ɗauka ruwa ya warke. Rashin mafarauci ne ya sa ƙanana suka yawaita.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, manyan kifin bass, wanda masu fatsar can ke bi kamar yadda muke bin giwa, sun yi ta mutuwa da gyambo a kogin Shenandoah a 2004 da 2005, aka daɗe ana bincike kan ingancin ruwa da cututtuka. Mu muna da abin da za mu dogara da shi a gida. Gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu da ya faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ana hana kamun kifi a cikinsa sai ranar gasa, shi ya sa homa da gora kaɗai ke fito da irin waɗancan kifaye. A roƙi Sarkin Ruwa ya rufe wannan gurbi daga taru da kalli aƙalla damina biyu, in an buɗe kuma kada idon raga ya gaza inci uku.

Masu fatsa su ma da nasu. Duk giwar da ta yi girman haihuwa a mayar da ita, kuma a mayar da ita da rai. A yi amfani da igiya mai ƙarfi don kada a daɗe ana ja-in-ja, gajiya a ruwa mai ɗumi ita ke kashe ta bayan an sake ta. A jiƙa hannu kafin a taɓa, a tallabi ciki, kada a rataye ta ta haɓa ko a cusa yatsu cikin kunne. Kada ta wuce rabin minti a waje. A danne ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida, ta fi saurin fita. In ta haɗiye ƙugiyar, a yanke igiya kusa da baki, kada a tono. Sannan a riƙe ta cikin ruwa a miƙe har ta fizge da kanta.

Ɗan Kabi, Argungu

Allah ya saka da alheri. An bi gaɓa kamar yadda Baba ya ce, ba a ga iyaka ba, ba a ga kwalba ba. 'Ya'yan kwaɗi da ƙananan kifaye suna nan da rai a gefe. Amma har yanzu karfasa na tasowa, ga hadari ya sake haɗowa. Malam, akwai abin da za a yi a daren nan? Kuma in ana son hujjar da za ta kashe zargi, me za a kai, ina za a kai?

Malam Mai Awon Ruwa, Birnin Kebbi

Akwai. Da farko a kwashe duk mushen kafin magariba, don ruɓarsa iska take ci. A binne shi a rami mai zurfin mita ɗaya nesa da ruwa, a barbaɗa farar ƙasa in akwai.

Sai a aro injin ban ruwa mai inci uku, biyu ko uku in an samu. Irinsa yana tura wajen lita 1,000 a minti. A ɗaure bakin tiyon zuƙa a jikin gora ko jarka, ya tsaya kamu biyu ƙasa da saman ruwa. Kada a bari ya taɓa ƙasa, in ya zuƙo laka da ruwan ƙasa an ƙara ɓata abin. Bakin fitarwa a ɗaga shi sama, a matse shi ko a sa ruwan ya bugi katako ya tarwatse kafin ya faɗo. A kunna daga ƙarfe biyun dare har rana ta ɗaga sosai, a maimaita duk daren da aka wuni da hadari. Ba zai gyara gurbin duka ba, wuri guda zai samar da kifi zai taru ya tsira. Kada kowa ya jefa ragar birgi a wurin.

Na gwaji, a samo kwalaben gilas masu tsabta, don maganin ƙwari yana manne wa roba. A ɗauraye kowace sau uku da ruwan wurin, a cika ta maƙil, a rufe. Lita ɗaya daga sama da gurbin, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, a rubuta wuri, rana da lokaci a jikin kowace. Kifi a ɗauki masu magagin mutuwa, uku zuwa biyar daga kowane iri, ba waɗanda suka kumbura ba. A sa su cikin kula da ƙanƙara, amma na binciken cuta kada a daskarar da su. A kai wa sashen kifi na jiha nan Birnin Kebbi cikin kwana ɗaya, su za su iya turawa cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa. Awon iska kuwa ba a kai shi a kwalba, sai jami'i ya zo da na'ura ya auna a wurin kafin fitowar rana, a sama da kuma a zurfin mita biyu.